Ni da Duna da Gimbiya, daga Zariya har bakin teku a Badagry

Tun da muka dawo mutane ke ta tambayata wai da gaske ne na zuba karnuka a mota tun daga Zariya har Legas, to wlh da gaske ne, bari kuma in faɗi yadda akayi.

Ina da ɗan gidan gona na kaji a bayan Shika, karnuka biyu ke min gadinsa, Duna da Gimbiya. Duna baƙi ne wuluk irin na mafarauta ɗin nan masu dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, a hannun wani tsohon maharbi na karɓo shi yana ɗan kwikwiyo shekara 7 kenan, ita kuwa Gimbiya ja ce bata wuce shekara 2 ba, ga rawar kai kamar me. A watan Disamba na sayar da kajin kaf gona ta zama fayau, yaron da ke kula min da wurin zai tafi gida biki, shi kuma Yayana da ke aiki a Badagry ya daɗe yana min ƙorafi wai ban taɓa taka ƙafata inda yake ba. Matsalar ɗaya ce, wa zan barwa karnukan nan. Bara da naje Kano kwana 4 kacal Duna ƙin cin abinci yayi, na dawo na tarar ana iya ƙirga haƙarƙarinsa, tun ranar nayi wa kaina alkawari bazan sake yi masa haka ba.

Da na faɗawa Hajiya sai tace "kai yanzu fisabilillahi mutane na tafiya da tsaraba kai da karnuka zaka?" Nace "Hajiya su suke kwana a waje cikin sanyi ni ina barci, amana ce a wuyana." Tayi shiru can tace to Allah ya tsare hanya, amma ka ware kayan sallarka daban. Haka kuwa nayi, leda guda na ware wa kayan sallar.

Kafin tafiya na kaisu asibitin dabbobi na ABU a Samaru, aka sabunta musu allurar ciwon hauka aka rubuta a kati, aka basu maganin tsutsar ciki da na kaska. Dokta ya zaunar dani yamin bayani sosai, yace kar in basu abinci da safen tafiya don zasuyi amai, duk awa 2 in tsaya su sha ruwa su miƙe ƙafa, kuma ko minti 5 kar in kuskura in kulle su a mota gilashi a rufe, saboda kare baya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafin jikinsa, mota na ɗaukar zafi sai ya galabaita nan da nan. Ya kuma ja kunnena akan ƙudan tsando na dazukan kudu mai sa sammore, yace in naga kasala ko zazzaɓi bayan mun dawo in kawo su da wuri.

Muna idar da sallar asuba muka ɗau hanya ni da ƙanina a Sienna ɗina, mun kwantar da kujerun baya mun shimfiɗa buhuna da tsohuwar tabarma, ga jarkar ruwa mai lita 25, ga garin masara da busasshen kifi don tuwo suka saba ci bana son canza musu abinci a hanya. Hazo ya rufe Kwangila ko fitilar motar gabanka da ƙyar kake gani. Jaji, Maraban Jos, Kawo, duk Gimbiya na tsaye tana kuka ƙasa ƙasa tana leƙen taga, shi kuwa Duna ya ɗora haɓarsa akan kujerar tsakiya dab da kafaɗata yayi lamo. Akwai hanyar Birnin Gwari da ke ɓullewa Tegina da Mokwa da Jebba har Ilorin, amma kowa yasan halin da ake ciki na tsaro, sai muka bi ta Abuja, tafiyar wajen kilomita 1000 ce muka raba ta kwana biyu.

Mun wuce Zuba da Gwagwalada da Abaji, wajen la'asar muka hau gadar Murtala da ke kan kogin Neja bayan Koton Karfe muka shiga Lokoja. Nan ne muka sha wuya. Masauki 3 muka je, ana ganin karnuka sai ace babu wuri, kuma ban ga laifinsu ba tsakani da Allah, kowa da tsarin gidansa. A na huɗun ne muka dace da wani dattijo mai gadi ɗan wajen Katsina, ya leƙa motar ya daɗe yana kallon Duna sannan yace "Alhaji wannan ai na farauta ne, a ina ka samo shi?" Ashe mahaifinsa maharbi ne. Shi ya roƙar mana aka bari muka ɗaure su a bayan gida ƙarƙashin mangwaro, ya kawo musu ruwa a bokitinsa, nace Baba Allah ya saka da alheri. Ƙanina ya kwana a ɗaki ni kuwa a mota na kwana kusa dasu, ga sauron Lokoja ga zafi duk da ana cikin hunturu, amma hankalina a kwance yake.

Kashegari Okene da duwatsunta, Owo, Akure, Ilesha, Ife, Ibadan. Daga Owo ƙasa ta canza gaba ɗaya, ko'ina kore shar, kwakwar manja da ayaba da gonakin koko, iskar ma da danshi, leɓena da ya tsattsage tun daga gida naji ya yi laushi. A wani shinge jami'i ya leƙo yaga karnuka ya tambayi takardarsu, na miƙa masa katin allura ya duba ya ɗaga mana hannu, a raina nace Allah yayi wa Dokta albarka. Cunkoson Legas kuwa ba sai na faɗa ba, daga Berger zuwa Mile 2 zuwa Okokomaiko da Agbara AC ne kawai ya cece mu, ƙanina na jiƙa tsumma yana goga musu a ciki da tafin ƙafa. Sai bayan isha muka isa gidan Yaya.

Ni fa ban taɓa ganin teku ba sai a talabijin, ruwa mafi girma da na saba dashi shi ne dam ɗin Shika da Galma in ta kawo. Da sassafe Yaya ya kaimu wani bakin ruwa da ba mutane sosai, sai bishiyoyin kwakwa a jere da kwalekwalen masunta, tun kafin mu ga ruwan muke jin ƙugi kamar hadari na tasowa daga gabas. Da muka hau ɗan tudun yashin nan naga abin sai da nace Allahu Akbar da ƙarfi ban sani ba, ruwa ne har inda ido ya ƙare ya haɗe da sama.

Duna ya ƙame. Kunnuwa a tsaye, gashin bayansa ya tashi, igiyar ruwa na tahowa sai ya shiga gabana ya tsaya yana gurnani, in ta koma ya bita da haushi, in ta dawo ya sake tare ni da jikinsa yana turo ni baya. Kare bai san mene ne teku ba amma ya ga wani ƙaton abu na nufo ubangidansa, shi kenan ya shiga tsakani. Wlh sai da idona ya kawo ruwa, na durƙusa na riƙe wuyansa ina ce masa ba komai Duna, ba komai, jikinsa sai ɓari yake amma ko taku ɗaya bai ja baya ba.

Gimbiya kuwa tuni ta afka, igiyar ruwa ta kwashe ta ta juya ta a yashi ta tashi ta girgije ta koma. Allah ya taimaka na ɗaura mata doguwar igiya don Yaya ya gargaɗe ni ruwan gaɓar Legas na da ja ta ƙasa, yana janye ko babban mutum. Abin da ban hana da wuri ba shi ne shan ruwan, ta lallasa na gishirin nan sosai, da rana sai gudawa da amai, hankalina ya tashi na kira Dokta a waya yace in dinga bata ruwa mai kyau kaɗan kaɗan in hutar da cikinta, in bata tsaya ba zuwa gobe in nemi likita a nan. Zuwa dare ta warware. Daga ranar kafin mu sauka yashi sai na cika musu ciki da ruwan gida, kwano kuma na hannuna. Duk wanda zai kai kare bakin teku dan Allah ya riƙe wannan, sannan ya taɓa yashin da tafin hannunsa in rana tayi, in ya ƙona ka to zai ƙona ƙafarsa, mu bayan asuba da bayan la'asar kawai muke fita, in mun dawo in wanke su tas da ruwan rijiya saboda gishiri na sa musu ƙaiƙayi.

Masuntan wurin 'yan ƙabilar Egun ne, da safe zaka gansu sun yi layi suna jan koma da waƙa, mutum kusan 20 akan igiya ɗaya. Da farko suna kaffa kaffa damu, kwana biyu sai gashi suna jefo wa Gimbiya ƙananan kifi, ni kuma in karɓa in kai gida a dafa a cire ƙaya tukuna.

Rana ɗaya na bar karnukan wurin yaran Yaya muka shiga gari, muka ga benen nan na 1845 da ake cewa shi ne na farko a Najeriya, muka hau kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu muka taka hanyar yashin da a da ake kora bayi har bakin teku inda ba dawowa. Jikina yayi sanyi sosai don cikin waɗanda aka bi dasu ta irin gaɓar nan zuwa Brazil akwai Hausawa. Kuma daga Badagry ɗin nan Baturen nan mai yawon bincike Clapperton ya taso a ƙarshen 1825 ya ratso har Zariya a hanyarsa ta zuwa Kano da Sakkwato, watanni yayi a tafiyar da muka yi a kwana biyu.

Kwananmu 6. A safiyar ƙarshe na zauna dab da inda kumfa ke tsayawa na miƙe ƙafafuna ruwa na taɓa su, Duna na bayana kamar kullum yana tsaro. Can sai naji ya matso, ya sunkuya ya shinshina kumfar, yayi atishawa, sannan ya sa ƙafar gaba ɗaya a ruwan ya tsaya. Igiya ta zo ta wuce ta ƙarƙashinsa bai yi gurnani ba, ya juyo ya kalle ni ya zauna a jiƙaƙƙen yashin kusa dani, muka daɗe a haka har ƙanina ya ƙwalo min kira wai rana na yi ga hanya a gabanmu.

Mun iso Zariya lafiya ranar ta biyu da magariba, na sauke wa Hajiya kwakwarta guda 10 da garin rogo, sannan na wuce Shika dasu. Ina buɗe but suka dire, Gimbiya ta nufi kwanonta, Duna kuwa sai da ya zagaye katangar gonar kaf yana shinshine kowane lungu kafin ya zo ya sha ruwa.