Godiya ga waɗanda suka tsaya mini a zagayen kilomita 50

Alhamdu lillahi. Yau kwana uku da kammala gudun, kuma sai yau na samu natsuwar zama in yi godiya yadda ya kamata.

Ga wanda bai san irin wannan gudu ba, ba a kan kwalta ake yin sa ba. 'Yar siririyar hanyar ƙafa ce da ta ratsa gandun da ke gindin duwatsu, ta hau tudu, ta gangara kwari, ta zagayo ta dawo inda aka tashi. Namu kilomita 50 ne, ya ɗara gudun fanfalaki mai kilomita 42 da mita 195. Wuyar zagaye ita ce, da ka kai tsakiya, gaba da baya duk tsawonsu ɗaya. Ga fili fetal, ciyawa da tsakuwa da bishiyoyi jefi-jefi, inuwa sai an tona. Za ka hango hanya kwance a kan tudun gaba kamar ka miƙa hannu ka taɓa, ka yi ta tafiya ba ka isa ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

A wajen kilomita 31 jiki ya ƙi. Rana ta take, zuciyata na tashi, kaina na sara, yatsun hannuna sun kumbura, sha-raɓata ta ɗaure tamau. Da na isa rumfar ruwa, ba abin da nake so sai in ƙara sha. Baiwar Allahn da ke wurin ce ta riƙe gorar, ta tambaye ni nawa na sha tun safe. Da ta ji amsa, sai ta ce, "Malam, zauna tukuna, ruwa ya ishe ka." Ta yi mini bayani cewa gumi na fita da gishirin jiki, kuma idan mutum ya yi ta ɗura ruwa zalla fiye da abin da yake fitarwa, gishirin jininsa yakan yi ƙasa. Abin tsoron shi ne alamun suna kama da na ƙishirwa, sai mutum ya ƙara sha, ya ƙara wa kansa ciwo, har ta kan kai ga kumburin ƙwaƙwalwa. Ta zaunar da ni a inuwa, ta jiƙa tsumma ta ɗora mini a wuya, ta kira ma'aikacin lafiya ya duba ni, shi ya ba ni ɗan gishiri. Ba su bar ni na tashi ba sai da suka ga ina magana daidai, ina tsayuwa ba jiri. Yaya, ban ma tambayi sunanki ba. Allah Ya saka miki da alheri, Ya jiƙan magabata.

Ina godiya ga waɗanda suka kwana suna ɗaura ƙyallayen alama a kowace mararraba, da ma'aikatan gandun da suka gyara inda ruwa ya zaizaye hanya, da abokan atisaye na, da uwargida wadda ta yi haƙurin fitar asuba na watanni.

Sai Baba. A irin wannan tsere akwai wanda ke biyo bayan kowa, yana kwance alamomi, yana tabbatar da ba a bar mutum a daji ba. Dattijo ne mai furfura, ya iske ni bayan na bar rumfar, kuma daga nan ni ne na ƙarshe. Kusan kilomita 18 muka yi tare. Bai taɓa duba agogo a gabana ba, ko da yake akwai wa'adin rufe tsere, kuma na san yana lissafi. A hawa ya ce in daina ƙoƙarin gudu, in dafa gwiwoyi in yi tafiya. A gangara ya ce in gajarta taku, domin gangara ce ke cin cinya, tsoka na taka birki a duk sauka, shi ya sa take ciwo kwanaki bayan nan. Inda duwatsu ke zamewa sai ya shige gaba, in riƙa sa ƙafa inda ya sa. Sau biyu na ce masa zan haƙura. Bai yi mini musu ba, ya dai ce, "Ɗana, mu kai bishiyar can, sai ka sake faɗa mini." Da muka kai, sai ya nuna wata.

Mun iso saura minti 11 a rufe. Da muka hango layin ƙarshe sai ya ja da baya, ya bar ni na tsallaka ni kaɗai. Kafin in gama gaisawa da mutane in waiwayo, ya tafi kai buhun ƙyallayensa.

Baba, hular ranar da ka ara mini tana hannuna, na wanke ta. Duk wanda ya san shi, don Allah ya isar masa da wannan saƙo, ya kuma haɗa mu, ina so in mayar masa da ita hannu da hannu.