Abin da Ahab ya sani

A shekararmu ta uku a jami'a muka yi kwas na nazarin addinai, cikinsa har da tarihin Bani Isra'ila yadda littattafan Yahudawa da Kirista suka kawo shi. Na shiga ajin da tunanin da na taso da shi, cewa malamai kashi biyu ne: na fada masu shan romo, da na gefe masu faɗin gaskiya komai ɗacinta. Da aka ba mu aikin rubutu kan annabawa da sarakuna, wannan ma'aunin na ɗauko. Na ware Iliya da Amos, sauran na zuba su kwando ɗaya. Takardar ta dawo da tambaya guda da jan biro: "To Natan fa, ina ka ajiye shi?"

Ban ajiye shi ko'ina ba, don bai shiga kwandon ba. Natan ɗan fada ne sosai, har da hannunsa a naɗin Sulaimanu lokacin da ɗan'uwansa Adoniya ya nemi gadon sarauta. Amma shi ne ya ce wa Dawuda ya je ya gina Haikali, washegari ya dawo ya janye maganarsa, ya ce ba kai ba ne, ɗanka ne zai gina. Shi ne kuma ya shiga masa da misalin attajiri mai garke da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci. Da na karanta wurin sai ayoyin Suratu Sad suka faɗo mini, na tumaki 99 da tunkiya ɗaya, ko da yake labarin da suka jingina wa misalin mu Musulmi ba mu yarda da shi ba. Nan ma na sha wahala. A wurinmu Dawuda da Sulaimanu annabawa ne, can kuwa an fi kallonsu a matsayin sarakuna, kusa da su akwai wani mai kawo saƙo. Sai da na koyi karanta littafin mutane yadda su suke fahimtarsa, aƙidata kuma tana nan inda take.

Wanda ya rushe mini ma'aunin gaba ɗaya shi ne Ahab, sarkin Isra'ila ta arewa. Ba ƙaramin sarki ba ne. Rubutun Shalmanesar na uku na Assuriya ya ambace shi cikin waɗanda suka tare shi a yaƙin Karkar a shekara ta 853 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce ya zo da karusai 2,000. Da zai fita yaƙin Ramot-gileyad ya tara annabawa wajen 400, duk suka ce ka je, nasara taka ce. Ɗaya ma har ƙahonin ƙarfe ya ƙera, wai da su za a tunkuyi abokan gaba. Yehoshafat sarkin Yahuza, wanda zai taya shi yaƙin, bai gamsu ba, ya ce babu saura? Ahab ya ce akwai Mikaiya ɗan Imla, amma ba ya ƙaunarsa, domin bai taɓa faɗa masa alheri ba.

Manzon da aka aika ya kira Mikaiya tun a hanya ya roƙe shi ya bi sahun jama'a. Ya zo ya ce, cikin gatse, ka je za ka ci nasara. Abin mamaki, Ahab da kansa ya tsawata masa, ya ce sau nawa zan rantsar da kai ka faɗa mini gaskiya? Ya faɗa, ya ce ya ga Isra'ila a watse kan duwatsu kamar tumakin da ba makiyayi. Ya sha mari, aka jefa shi kurkuku. Ahab ya tafi yaƙin, amma ya ɓad da kama, wata kibiya da aka harba ba saiti ta same shi ta mahaɗin sulke.

Na daɗe a kan wannan ɓad da kamar. Wanda ya yarda da mutum 400 me zai sa ya tuɓe kayan sarauta? Ni dai a ganina Ahab ya san bakin wa gaskiya take. Su 400 ɗin ya tara su ne don ya ji abin da ya riga ya yanke, kuma da sunan Ubangijin da Mikaiya yake kira su ma suke magana.

Amos kam na gefen ne da gaske, makiyayi daga Tekowa, wanda Amaziya firist na Betel ya kora ya ce ya koma Yahuza ya nemi abincinsa, nan wurin ibadar sarki ne. Ishaya kuwa shiga da fita yake wurin Hezekiya sarkin Yahuza, har lokacin da Sennakerib sarkin Assuriya ya auka wa Yahuza a shekara ta 701 kafin haihuwar Annabi Isa.

Sai Irmiya. Yehoyakim sarkin Yahuza yana jin ɗumi da hunturu aka karanta masa littafin Irmiya, ana karanta ɗan sashe yana yankewa da wuƙa yana jefawa cikin kasko. Zadakiya, sarkin ƙarshe kafin Babila ta ci Urushalima, ya fi ba ni tausayi. A ɓoye yake kiran Irmiya ya tambaye shi, ya ji, ya kasa aikatawa don tsoron hakimansa. Da suka nemi kashe Irmiya ya ce ga shi nan a hannunku, suka zura shi rijiyar da ba ruwa sai taɓo. Wanda ya fito da shi ma'aikacin fada ne, Ebed-melek mutumin Kush, ya haɗa da tsummoki don kada igiya ta yanke masa hamata.

Da na sake aikin, da Ebed-melek na buɗe. Malam ya ja layi ƙarƙashin sunan, ya rubuta a gefe: "Wannan ai ba annabi ba ne." Na bar shi a wurin.