Kafin a Ɗora Hannu: Darussan da Na Koya a Horon Tausa

Yawancin masu shiga koyon aikin tausa suna zuwa ne da zaton cewa ƙarfin hannu shi ne jarin sana'ar, kuma ban ga laifinsu ba, domin abin da ido yake gani ke nan idan ana yi wa mutum tausa. Sai dai makonnin farko na horon a gaban allo suke ƙarewa, ana nazarin ginin jikin ɗan Adam: ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi, da tsokoki fiye da 600, da inda kowace tsoka ta kama ƙashi, da irin motsin da take haifarwa idan ta tsuke. Malamarmu ba ta gamsuwa da hadda. Takan sa ɗalibi ya rufe ido, ya lalubo gefen allon kafaɗar abokin karatunsa da yatsa, ya bi shi har ƙarshensa, sannan ya faɗi sunan tsokar da ke ƙarƙashin yatsan nasa. Rabin amfanin wannan karatu shi ne sanin wuraren da ba a dannawa, wato hammata da bayan gwiwa da matsematsi da gaban wuya, inda manyan jijiyoyi suke kwance dab da fata babu tsoka mai kauri da ta rufe su.

Darasin da ya fi zauna mini a rai shi ne cewa aikin yana farawa da tambaya, kuma wani lokaci a nan yake tsayawa. Kafin mutum ya hau gado ana cike takarda da shi, a tambaye shi cututtukan da yake fama da su, da magungunan da yake sha, da ko an taɓa yi masa tiyata, da ko mace tana da juna biyu. Ɗalibai kan ɗauki wannan takarda a matsayin ɓata lokaci har sai sun ga ranarta. A lokacin gwajin aiki wani dattijo ya zo mana bayan doguwar tafiya a jirgin sama, yana kukan cewa sha-raɓarsa ta hagu ta ɗaure. Malama ta dubi ƙafar, ta gwada ta da ɗayar, ta ɗora bayan hannunta a kan fatar, sannan ta ce, “Baba, tun yaushe ƙafar nan ta kumbura haka?” Ya ce tun daren da ya sauka, ya ƙara da cewa, “Ɗan murzawa kawai nake so, 'yata.” Ta amsa masa a hankali cewa, “Ka yi haƙuri, Baba, yau ba za mu taɓa ta ba. Asibiti ya kamata ka nufa yanzu, kada ka bari sai gobe.”

Bayan ya fita ta yi mana bayani. Kumburi a ƙafa ɗaya, da zafi a fatar, da ciwo bayan dogon zama wuri ɗaya, alamu ne da suke iya nuna cewa jini ya daskare a jijiyar da ke can cikin tsoka. Idan aka murza wurin, gudan jinin yana iya ɓallewa ya bi jini ta zuciya ya toshe hanyar huhu, kuma wannan yana kashe mutum. Mai tausa ba shi da na'urar da zai tabbatar da hakan, saboda haka abin da ke hannunsa kawai shi ne ya janye. Ko da likita zai ce tsoka ce kawai ta gaji, asarar ba ta wuce kuɗin zama ɗaya ba. Sauran dalilan janyewa ko sassautawa an koya mana su ne a jere: zazzaɓi, da cututtukan fata masu yaɗuwa irin su makero da ƙazuwa, da rauni ɗanye, da raunin ƙashi a jikin tsofaffi, da shan maganin tsinka jini wanda ke sa jini ya taru ƙarƙashin fata da ɗan dannawa kaɗan.

Da muka iso kan dabarun hannu, sai na tarar da cewa su ne ɓangaren da ya fi saurin shiga kai. Salon da aka fi koyarwa a makarantu ana jingina shi ga Per Henrik Ling ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya kafa cibiyar koyar da motsa jiki a Stokholm a shekarar 1813, ko da yake likitan ƙasar Holan Johann Georg Mezger ne ya tsara motsin hannun ya raɗa musu sunayen Faransanci da ake amfani da su har yau. Akwai doguwar shafa da ake buɗe aiki da ita, wadda a hannu da ƙafa ake tura ta zuwa wajen zuciya domin ta bi hanyar da jini yake komawa, akwai kamo tsoka a ɗaga a murza, akwai dannawa a zagaya a wuri ɗaya, da bubbugawa, da girgizawa. Abin da yake ɗaukar lokaci shi ne sanin iyakar nauyin da za a sa. Mutane da yawa sun yarda cewa tausar da ba ta yi zafi ba ba ta yi aiki ba, har sukan roƙi a ƙara, alhali tsokar da aka matsa fiye da kima ƙara ɗaurewa take yi domin ta kāre kanta. Hujjar da ta gamsar da ni ita ce salon da Emil Vodder ɗan ƙasar Danmak ya ƙirƙiro a shekarun 1930, ake kuma amfani da shi wajen rage kumburin da taruwar ruwa ke jawowa, wanda a cikinsa fata kawai ake ja a hankali kamar mai shafa kan jariri, saboda ƙananan hanyoyin wannan ruwa a ƙarƙashin fata suke, kuma danna su da ƙarfi toshe su yake yi. Don haka ake tambayar mutum ko nauyin ya yi masa daidai, amma ba a dogara ga amsarsa kaɗai, domin wasu kunya ko nuna jarumta kan sa su ce babu komai. Ana duban numfashinsa ko ya riƙe shi, da yatsun ƙafarsa ko sun lanƙwashe, da kafaɗunsa ko sun ɗago.

Jikin mai tausa shi ma yana da haƙƙi a kansa, kuma masu barin sana'ar da wuri galibi ciwon babban yatsa da wuyan hannu da baya ne suke korar su. An koya mana daidaita tsayin gado, da raba ƙafafu ɗaya gaba ɗaya baya, da sakin nauyin jiki ta tafin hannu ko damtse a maimakon matse yatsu. Farce kuwa a yanke yake kullum, zobe da agogo a cire.

Batun mutunci ya fi ƙarfin a kira shi ladabi kawai, domin a kansa sana'ar ta tsaya da ƙafarta. A Birtaniya, bayan da aka fallasa a shekarar 1894 cewa wasu gidaje suna fakewa da sunan tausa suna aikata lalata, wasu mata huɗu ma'aikatan jinya da ungozoma suka kafa ƙungiyar ƙwararrun masu tausa, mai jarrabawa da dokokin ɗa'a, kuma ita ce ta rikiɗe ta zama babbar ƙungiyar masu gyaran gaɓoɓi ta ƙasar. Abin da ya iso gare mu daga wannan tarihi ƙananan ƙa'idoji ne da ba a sassautawa a kansu. Mai tausa yana fita daga ɗaki kafin mutum ya rage tufafinsa, yana ƙwanƙwasa ƙofa kafin ya dawo, yana rufe jiki duka da zane ko tawul in ban da gaɓar da yake aiki a kanta, yana faɗin inda zai taɓa kafin ya taɓa. Wanda ke kwance yana da ikon cewa a dakata a kowane lokaci ba tare da ya kawo dalili ba, mai tausa shi ma yana da ikon tsayar da aiki idan aka nemi ƙetare iyaka. Abin da aka gani ko aka ji a ɗakin kuwa, a ɗakin yake zama.

Ɓangaren gyaran jiki da ruwa da zafi, wanda ake ganin kamar na jin daɗi ne zalla, shi ne ya fi bukatar ma'auni. Amfani da ruwan zafi da na sanyi a jere ya shahara a Turai ta hannun Sebastian Kneipp, limamin coci ɗan ƙasar Jamus da ya rasu a 1897, amma a yau ba a auna zafi da hasashe. Ruwan da mutum zai shiga ya jiƙa jikinsa bai kamata ya wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas ba, dutsen da aka ɗumama kuwa mai tausa yana fara riƙe shi a hannunsa, kuma ba ya barinsa zaune a kan tsurar fata. Mai ciwon suga da jijiyoyin ƙafarsa suka raunana yana iya ƙonewa bai ji komai ba, shi ya sa ba a tambayarsa ko zafin ya yi yawa, cire zafin ake yi daga tsarin aikinsa. Mayuka masu ƙamshi da ake tatsowa daga tsirrai ba a shafa su tsagwaronsu, ana sirka kimanin kashi 2 cikin 100 a cikin wani mai mara ƙarfi, kuma shi ma wannan man sai an tabbatar jikin mutum ba ya ƙinsa, musamman man almon.

Akwai maganganun da suke yawo a cikin sana'ar waɗanda na daina faɗa, ko da yake suna jawo ciniki. Cewa tausa tana fitar da guba daga jiki ba shi da hujja, domin hanta da ƙoda ne suke wannan aiki. Abin da bincike ya fi nunawa shi ne samun sauƙi na ɗan lokaci daga ciwon baya da wuya da kafaɗa, da raguwar damuwa, kuma a ganina wannan ya isa abin alfahari ba sai an yi masa ƙari ba. Haka nan mai tausa ba ya raɗa wa cuta suna. Yana ganin bayan da mai shi ba ya iya gani, saboda haka idan ya lura da tabon da ya canza launi ko girma, sai ya ce a nuna wa likita, ya tsaya a nan.

Wannan ne ya sa ba na ganin girman takardar shaidar da ake bayarwa bayan horon kwana biyu ko uku. A Amurka jihohi da dama suna bukatar aƙalla awa 500 na karatu kafin a ba mutum lasisi, jihar New York kuma awa 1,000 take nema. Motsin hannu biyar ɗin nan ana iya nuna su a yini ɗaya, amma ilimin ginin jiki da na cututtuka, da aiki a ƙarƙashin idon malami a kan jikuna mabambanta, su ne suke cinye sauran awoyin.