Ɗan zanzaron da ke farautar murzuna, da yadda ake gane shi

Duk wanda ya taɓa noman hatsi a ƙasar Adar ya san murzuna. Damina ta yi kyau, zangarniya ta fito, mai gona na murna, sai a wayi gari a ga wani layi ya naɗe zangarniyar daga ƙasa zuwa sama, tsaba na zuba. Tsutsa ce ta wani malam-buɗe-littafin dare da masana ke kira Heliocheilus albipunctella, wanda tsofaffin takardun aikin gona ke ce wa Raghuva. Sau ɗaya yake haihuwa a shekara. In tsutsar ta ƙoshi sai ta sauka ta shige ƙasa, ta yi rani a can, ta fito da fiffike kamar wata guda bayan saukar damina, daidai lokacin da hatsi ke shirin fid da kai. Bayan farin shekarun 1970 ne ɓarnarta ta yi tsanani a yankin Sahel, kuma har yau ba ta sake mu ba.

Amma Allah bai bar ta ba maƙiyi ba. Akwai wani ɗan zanzaro, tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, sunansa Habrobracon hebetor. Ba daga waje aka kawo shi ba, ɗan gida ne. Aibinsa ɗaya: in an bar shi da kansa, ba ya yawaita sai ɓarna ta riga ta yi nisa. Shi ya sa ma'aikatan cibiyoyin binciken aikin gona, INRAN a Maraɗi da ICRISAT a Sadore, suka duƙufa kan kiwonsa a ɗaki, don a sake shi a gona da wuri. Ni aikina a nan Tawa shi ne bin gonakin da aka yi sakin, in ɗebo zangarniya, in duba abin da ya faru a cikinta. Kuma abin da ya fi damuna a wannan aiki shi ne saurin da muke yi wajen cewa "namu ne ya yi aiki" tun ba mu tabbatar ko shi ɗin ne ba.

Ganewar tun daga jikin tsutsar take farawa. In ka buɗa hanyar da murzuna ta haƙa da tsinke a hankali, wani sa'i za ka tarar da ita kwance, ta yi laushi, ba ta motsi, amma ba ta ruɓe ba. Macen zanzaron ce ta harbe ta. Dafin ba ya kashe ta nan take, shanye mata jiki yake yi har ta mutu, daga ranar ta daina ci. Duba fatarta da gilashin ƙara girma: ƙwayaye ne farare dogaye, manne a waje. Ƴaƴan da suka ƙyanƙyashe daga waje suke tsotsonta, su da yawa a kan tsutsa guda. In sun gama sai su matsa gefe kaɗan, kowa ya saƙa wa kansa farin gida na zare kusa da gawar da ta bushe ta yi baƙi. Daga ƙwai zuwa babba, a zafin ƙasarmu, abin kwana 10 ne ko kusa da haka. Wannan ya sha bamban da wasu ƴan zanzaro da ake kira Cotesia, waɗanda su ma fararen gidaje suke saƙawa, amma a cikin tsutsa suke girma, tana yawo tana ci, sai daga baya su huda fata su fito. Wanda ya ga farin zare kawai ya yanke hukunci, ya yi gaggawa.

Wani dattijo a wani ƙauye da ke hanyar Kaita ya taɓa riƙe kwalbar da na sa su a ciki, ya ɗaga ta wajen haske ya ce, "Malam, wanga ɗan ƙuda ne za ya iya da murzuna?" Na ce, "Baba, ƙirga mini fikafikansa." Na miƙa masa gilashin. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce huɗu ne. Ƙuda biyu gare shi. Wannan shi ne matakin farko, kuma kowa na iya yin sa a bakin gona: fiffike huɗu, ƙugu a matse, dogayen ƙahonnin ji. Ya shiga dangin zuma da rina da tururuwa ke nan, wato Hymenoptera.

Sauran sai a kan tebur, ƙarƙashin madubin ƙara girma. A jijiyoyin fiffiken gaba ake raba manyan gidaje biyu masu kama da juna, Braconidae da Ichneumonidae. Akwai wata gajeruwar jijiya da ake kira 2m-cu: ƴan gida na biyu yawanci suna da ita, ƴan gidan namu, wato na farko, ba su da ita. Daga nan sai a juyo da fuskarsa. Bisa muƙamuƙansa akwai wani ɗan rami zagayayye, sai ka ce bakin tulu, alama ce ta reshen da Braconinae, ƙaramin gidan namu, ke ciki. Sannan a ƙirga gaɓoɓin ƙahon ji, ɗaya bayan ɗaya, ana riƙe numfashi don kada iska ta ture shi. Na mace gajere ne, gaɓoɓinsa ba su kai na namiji yawa ba, kuma ita ce ke da tsinken saka ƙwai a bayanta.

Launi kuwa, kada ka yarda da shi. Wannan ƙwaro yana canza kala gwargwadon zafin da ya girma a ciki: na wuri mai zafi ya fi ɗorawa, na wuri mai sanyi ya fi duhu. Waɗanda aka yi kiwo a ɗaki mai sanyaya iska da waɗanda suka fito a gona cikin watan Satumba, in ka jera su za ka rantse ba uwa ɗaya ba ce. Akasin haka ma na faruwa, biyu su yi kama ƙwarai alhali jinsi daban ne. Kama da wane ba ta wane.

Su kansu masana abin ya ba su wahala. Wani Ba'amurke, Thomas Say, shi ya fara bayyana shi a 1836 da sunan Bracon hebetor. Daga baya aka mai da shi rukunin Habrobracon, kuma har yanzu za ka ga sunayen biyu a rahotanni. A 1838 wani masani mai suna Wesmael ya bayyana wani mai kama da shi, brevicornis, aka daɗe ana ɗaukarsu abu ɗaya, sai a 2019 binciken ƙwayoyin gado na DNA ya nuna cewa jinsi biyu ne. Ƙwaron da muke ratayawa a gonakin hatsi, danginsa sun yi suna a ɗakunan binciken gado tun da daɗewa, har an tura su sararin samaniya cikin kumbon Biosatellite 2 a 1967.

Wani zai ce ina ruwan manomi da duk wannan. Ruwansa na cikin ɗan buhun da ake rataya masa a gona. A ciki ana zuba tsabar hatsi da gari, da tsutsotsi 25 na Corcyra, wato tsutsar da ke cin hatsin ajiya, da mata 2 na zanzaron da suka riga suka sadu da namiji, a rarraba buhuna kamar 15 a kewayen gari. Saduwar nan ba ƙaramin abu ba ce: ƙwan da bai samu namiji ba, namiji kawai yake fitarwa, namiji kuwa ba ya harbi. Mai kiwon da bai iya raba mace da namiji ba zai sai da buhun da ba ya aiki, manomi ya ce an cuce shi, gobe ya koma fesa magani, maganin kuma ya kashe har na dajin da ke taimakonsa kyauta. Haka nan in wani ƙwaro daban ya kutsa cikin kiwon ba a lura ba.

Saboda haka ga roƙona ga ƴan'uwa ma'aikatan gona da ɗalibai masu zuwa sanin makamar aiki. In kun samu tsutsar da aka harba, ku sa ta ita kaɗai a ƴar kwalba, ku rufe da ƙyalle, ku jira su fito. Kada ku haɗa na gonaki biyu wuri ɗaya. Ku ajiye wasu a alkol mai ƙarfi, na kashi 95, don shi ke tsare DNA, ku nisanta shi da rana. Ku ajiye gawar tsutsar ma, ita ce shaidar abin da ya ci. Takardar bayani kuma cikin kwalbar za a sa ta, da sunan gari da rana da irin hatsin, a rubuta da fensir, don tawadar biro narkewa take yi a alkol.