Manhwa masu duhu: wa ya isa ya ce an wuce gona da iri?

Don Allah me ya sa da zarar an taɓo manhwa masu duhu, zanen labaran nan na Koriya ta Kudu da muke karantawa a waya, sai a rabu gida biyu? Wasu su ce a hana gaba ɗaya, wasu su ce ai zane ne kawai, in ba ka so ka wuce abinka. Ni dai duka biyun ba su gamsar da ni ba.

Duba Strangers from Hell na Kim Yong-ki da ya fito a shafin intanet na Naver a 2018. Saurayi ne ya zo Seoul aiki, aljihu ba nauyi, sai ya kama ɗaki a goshiwon, irin ɗakunan nan da gado da tebur kaɗai ke shiga da ƙyar, bango siriri kana jin tarin maƙwabci, banɗaki da kicin na kowa da kowa, ga wani mutum ƙofarsa a buɗe yana zuba masa ido ba ya cewa uffan. Wallahi kallon nan ya fi jini tayar min da hankali, kuma goshiwon ba ƙirƙira ba ce, ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi suna kwana ciki har gobe. Irin wannan a hana shi saboda me?

A 2012 hukumar tace kafafen sadarwa ta ƙasar ta so ta lakaba wa webtoon, wato manhwa na intanet, sama da 20 cewa suna ɓata yara, masu zane suka yi ca, ƙarshe aka bar musu su riƙa tace kansu. Daidai ne. Amma a 2020 da wani webtoon mai suna Hellper 2 ya cika azabtar da mata har da tsohuwa, masoyan labarin da kansu ne suka ce ya isa haka, mai zanen ya ba da haƙuri ya dakata. Joo Ho-min, shi ma babban mai zane, ya koka cewa a da gwamnati ce ke tacewa, yanzu kuma masu karatu ne.

Nan ne na saɓa da shi. Gwamnati tana da doka da hukunci a hannu, mai karatu kuwa bakinsa kawai gare shi, kuma wanda ya shafe shekaru yana bin labari duk mako yana da haƙƙin ya ce wannan azabar ba ta ƙara wa labarin komai, an zana ta ne kawai don a kalla.