Filin Baba da Takardar Ingila

Ina tsaye a Terminus, a tsakiyar Jos, ina jiran keke saƙon ya shigo wayata: wata jami'a a arewacin Ingila ta ba ni gurbin digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta. Sai da na karanta sau uku. Shekara huɗu ke nan ina rubuta manhaja tun bayan da na gama bautar ƙasa, kuma kullum abin da ke raina shi ne in zurfafa a fannin ƙirƙirarriyar basira, in zauna gaban malaman da suka san abin ciki da waje. Ban tsaya ko'ina ba sai gida, na nuna wa maiɗakina, muka yi ta hamdala.

Da daddare, bayan yarinya ta yi barci, na ɗauko biro da takarda.

Kuɗin makaranta fam 19,500 ne, na shekara ɗaya. Kafin a ba ka biza dole ka nuna kana da abin da za ka riƙe kanka, wanda a 2025 ya kama fam 1,136 a wata ga wanda ke wajen Landan, har na wata tara, wato fam 10,224. Kuma ba a yarda ka aro yau ka mayar gobe ba, sai kuɗin sun kwana 28 cur a asusu. Bizar kanta fam 524 ce a 2025. Ga kuɗin kiwon lafiya, fam 776 a shekara, kuma tunda bizar takan zarce shekara guda, na shekara ɗaya da rabi za ka biya. Na tara, ya haura fam 31,000. Ban sa kuɗin jirgi ba, ban sa gwajin tarin fuka da sai ka je wani gari irin Abuja ko Legas ba, ban sa jarrabawar Turanci ba. A canjin lokacin, wajen naira 2,000 kowane fam, maganar miliyan 62 ake yi da 'yan kai.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, waɗanda suka tafi kafin watan Yunin 2023 sun biya kuɗin makaranta ta banki, da fom A, fam bai kai naira 600 ba a farashin gwamnati. Lissafi iri ɗaya a wancan lokacin ba zai kai miliyan 20 ba. Ba karatun ne ya ƙara daraja ba, kuɗinmu ne ya faɗi.

Abokai suka ce, "Kai dai ka samu ka shiga, can za ka yi aiki ka biya." Na duba wannan ma. Ɗalibi awa 20 kacal aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu. A mafi ƙarancin albashi na 2025, fam 12.21 a awa, abin da zai shigo a wata bai wuce fam dubu da ɗan wani abu ba. Haya da abinci da mota za su lashe shi. Ragowar kuɗin makaranta kuwa, ba daga nan zai fito ba, kuma jami'a ba ta san uzuri ba idan wa'adin biya ya cika.

Ranar Juma'a bayan masallaci na je gaida Baba. Ashe labari ya riga ni isa. Ya sa aka ɗauko masa wata tsohuwar jaka, ya zaro takardun filinsa da ke wajen Bukuru, ya ajiye a gabana.

"Na yi magana da dillali," in ji shi. "Ilimi ba ya asara. Ka je ka yi karatunka."

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ku ba ni lokaci in yi shawara."

Na san tarihin filin nan. Shekara talatin Baba yana sayar da katako, a sanyin Jos na watan Disamba yake fita tun da duku-duku, da haka ya tara ya saya. Mu bakwai ne a gidan. Ƙannena mata biyu ba su yi aure ba, autanmu yana aji biyu a sakandare. Ko an sayar da filin ba zai kai rabin abin da ake nema ba, sai an haɗa da gwal ɗin Mama da adashinta, sai na ci bashi a kai. A daren nan na gane cewa ba ni kaɗai zan biya kuɗin digirin ba. Gida guda ne zai biya, sunana kawai za a rubuta a takardar shaida.

Da ace akwai tabbacin dawo da kuɗin, da na rufe ido na karɓa. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Bayan kammalawa akwai bizar zama neman aiki, gaskiya ne, sai dai tana da wa'adi, kuma kafin ya cika dole ka samu kamfanin da zai tsaya maka. Tun ƙarshen 2022 manyan kamfanonin fasaha suke ta sallamar ma'aikata, sabon shiga kuma shi ya fi shan wuya. Ga wata kuma: tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu irin na darasi ba shi da damar tafiya da iyali. 'Yata watanta goma sha ɗaya, yanzu take koyon tsayuwa tana dafa kujera. Maiɗakina ba ta ce kar in tafi ba. Shiru ta yi, ta ce duk abin da na zaɓa tana bayana, kuma wannan shirun ya fi mini nauyi.

Na leƙa Jamus. Yawancin jami'o'in gwamnati a can ba sa karɓar kuɗin makaranta sai ɗan abin da ake biya kowane zango, amma sai ka kulle yuro 11,904 a asusu na shekara guda, karatun kuma shekara biyu ne. Ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, ban cire shi daga raina ba. Zuwa Amurka kuwa, ban ma daɗe a kan maganar ba.

Abin da ya tsaya mini shi ne shirin digiri na biyu na jami'ar Georgia Tech ta Amurka da ake yi ta intanet tun 2014. A shekarun baya gaba ɗaya digirin wajen dala 7,000 yake kamawa, kana biya darasi-darasi, kana kan aikinka. Ba biza a ciki, ba zama aji da abokan karatu, kuma sai ka tanadi sola da data mai ƙarfi, don wutarmu ba abin dogaro ba ce. Sai na tambayi kaina tsakani da Allah: ilimin nake so ko fitar? Dukkansu ina so, ba zan ɓoye ba. Amma ɗaya zan iya biya da gumina, ɗayan kuwa sai da gumin Baba.

Na rubuta wa jami'ar Ingilar na nemi su ɗaga mini gurbin zuwa baɗi. Kafin nan zan cike Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, tunda na cika sharaɗin shekara biyu na aiki, sharaɗin dawowa gida na shekara biyu kuma bai dame ni ba ko kaɗan. Zan gwada tallafin karatu na Commonwealth da na DAAD ta Jamus. Idan Allah ya sa an dace, in tafi ba tare da an sayar da ko taku ɗaya na ƙasa ba. Idan ba a dace ba, in fara na intanet daga ɗakina.

Jiya na mayar wa Baba takardunsa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Ya mayar da su cikin jakar, ya kira autanmu ya ce ya kai ɗaki, ya sa a ƙarƙashin akwati.