Yadda Ake Shigar da Kwikwiyo Gidan da Akwai Manyan Karnuka

Sana'armu kiwon karnukan gadi ce da horar da su a nan Kaduna. Yawancin masu zuwa sayen kwikwiyo ba yau suka fara ajiye kare ba. Suna da ɗaya ko biyu a gida, wani ya fara manyanta, ana so a raini magajinsa tun yana da sauran ƙarfi. Shi ya sa kafin a zo maganar kuɗi sai mun yi wa mutum tambayoyi: karnuka nawa ne a gidan, maza ne ko mata, shekarunsu nawa, yaushe rabonsu da allura, kuma akwai inda za a kulle sabon shi kaɗai? Wanda ya ce babu, mukan ce ya fara zuwa wurin mai walda a yi masa keji. Kwikwiyon da aka jefa tsakar gida tun ranar farko wai su saba da kansu, sau da yawa a asibitin dabbobi yake kwana.

Ba ma sakin kwikwiyo kafin ya cika mako 8, ko da mai saye ya matsa. A wurin uwarsa da 'yan uwansa yake koyon ladabin karnuka. In ya yi cizo da ƙarfi, ɗan uwan ya yi ƙara ya bar masa wasan. In ya dami uwar, ta danne shi. Wanda aka raba da su yana mako 5 bai san wannan ba, don haka zai je ya haye kan babban kare bai san ya yi laifi ba. Sai kuma jinsi: in karya ce babba a gidan, mukan ba da shawarar a ɗauki namiji. Faɗan mata biyu ya fi na maza muni, kuma in suka ƙulla gaba da wuya su shirya.

Mako biyu na farko kullewa ne, kuma dalilin cuta ce. Abin da ya fi kashe 'yan kwikwiyo a hannun masu kiwo shi ne farbo: amai, ƙin cin abinci, zawo mai jini da wani irin wari da ba a mantawa. Ƙwayar cutar tana yin watanni a ƙasa, kuma takalmi ma yana ɗauko ta daga waje. Izal ba ya kashe ta. Ruwan Jik ko Hypo ne maganinta, kofi ɗaya cikin kofi 30 na ruwa, bayan an wanke ƙazanta, a bar shi ya yi minti 10 a kan siminti. Allurar haɗe ta farko, wato rigakafin farbo da wasu cututtuka a allura ɗaya, ana yin ta tsakanin mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16, ta haukan kare kuma daga wata 3. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos tana yin ta haukan kare, akwai kuma masu zuwa daga waje. Ko wacce ce, a tabbata daga cikin sanyi aka ciro ta, domin allurar da ta yini a firjin da ba wuta ruwa ce kawai. Manyan ma a duba katinsu, a ba su maganin tsutsar ciki, a bi kunnuwansu da tsakanin yatsu a cire kaska, musamman da damina.

Cikin waɗannan kwanaki hanci ne ke aiki. A goga wa kwikwiyon tsumma a wuya da ciki, a ajiye kusa da makwancin babban. A kawo masa na babban shi ma. Kafin su ga juna, kowa ya san da zaman ɗan uwansa.

Ranar haɗuwa a fito da manyan ɗaya bayan ɗaya, a fara da wanda ya fi sanyin hali, domin karnuka biyu in suka haɗu kan ƙarami zuga juna suke yi. Kada a yi ta a bakin keji, ko wurin kwano, ko bakin ƙofar gida inda babban yake tsaro. A nemi fili mai tsabta da ba ya ɗauka nasa ne, da sassafe ko bayan la'asar, bayan an zagaya da shi ya ɗan gaji. Mutum biyu, kowa da nasa, igiya a sake. Jan igiya da ƙarfi yana sa kare ya ɗauka akwai haɗari. A fara tafiya gefe da gefe da tazarar taku goma, ana matsowa a hankali, sannan a bar su su shinshina juna na ɗan lokaci kaɗan, a janye, a sake.

A nan ido ake zubawa. Kwikwiyo mai ladabi zai kwantar da kunne, ya yi ƙasa-ƙasa, ya lashi gefen bakin babban, wani ma ya juya cikinsa sama har ya ɗan saki fitsari. Wannan gaisuwa ce, kada a tsawata masa. Babban kuma in jikinsa a sake yake, wutsiya na kaɗawa a ƙasa, ya shinshina ya kau da kai, an dace. In kuwa ya sandare, baki a rufe, wutsiya ta miƙe sama, gashin ƙeya ya tashi, ya kafe ƙaramin da ido bai yi ko gurnani ba, to a janye shi nan take, a bari sai gobe. Namijin Boyabol, wani irin babban karen gadi, yana haura kilo 60. Girgiza ɗaya ta isa ta karya wuyan kwikwiyo.

Kuskuren da ya fi ba mu takaici shi ne dukan babba don ya yi gurnani. Gurnani gargaɗi ne, cewa yake yi ya isa haka. Maigida ya ɗauko bulala saboda tausayin ƙaramin, sai babban ya koyi abu biyu: zuwan yaron nan duka yake jawo masa, kuma gargaɗi laifi ne. Gobe ba zai yi gurnani ba, cizo kawai zai kai. Abin da ya kamata shi ne a ɗauke kwikwiyon a bar tsohon ya huta. Kuma a ci gaba da fara gaishe shi, a fara zuba masa abinci, a fara fita da shi, kamar yadda aka saba. Shekaru ya yi yana kwana a waje yana tsare gidan nan, bai cancanci a wulaƙanta shi don an samu sabo ba.

Abinci kowa a kejinsa, ƙofa a rufe. Kwikwiyo sau 4 a rana har wata 3, sau 3 har wata 6, daga nan sau 2. Bayan minti 15 a ɗauke kwano ko an cinye ko ba a cinye ba. Ƙashi shi ne uban rigima, kada a bar shi a tsakar gida, dafaffen ƙashin kaza kuma ba a ba kowa saboda yana tsagewa ya huda hanji. Ragowar miya mai albasa da yawa ita ma illa ce. Da dare, lokacin da ake sakin manya su yi gadi, ƙaramin yana kulle.

Akwai wani lokaci da mutane ke sakin jiki, alhali a nan ake samun rauni. Manya suna yi wa kwikwiyo uzuri har wajen wata 4 zuwa 5, daga nan haƙurin yake ƙarewa. Haka kuma in karya ta shiga lokacin barbara, kusan mako 3 ne maza ba sa jituwa, sai an raba su. In faɗa ya kaure, kada a sa hannu kusa da baki ko wuya. A watsa musu bokitin ruwa, ko mutum biyu kowa ya kama ƙafafun baya na ɗaya ya ja baya. Wanda haƙori ya taɓa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Duk kwikwiyon da ya bar wurinmu yana tafiya da katin allurarsa, da abincin mako guda irin wanda ya saba don kada sauyi ya sa shi zawo, da tsumman da ya kwana a jikin uwarsa. Bayan mako biyu mukan je gidan da kanmu, mu riƙe igiya ɗaya a ranar haɗuwa.